An ɗauke Fada a asirce bayan kukan wata uwa: ina zan kai wannan fushi?

Tambaya: Salama. Ni 'yar Katolika ce tun haihuwa, shekaruna 46, ina cikin Zumuntar Mata. Wata uku da suka wuce maƙwabciyata ta faɗa mini da bakinta cewa Fadan cocinmu ya yi lalata da 'yarta mai shekara 14, wadda take zuwa shara gidansa. Ta kai kuka wurin katikis da shugaban kwamitin coci. Bayan mako biyu sai muka ji an yi wa Fada canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye, babu wanda ya ce uffan. Na sha jin irin wannan a Amurka da Turai, ina cewa abin can ne. Yanzu na daina ba da baiko, wato kuɗin da ake bayarwa a coci, na hana ɗana hidima a bagade, in na shiga Misa zuciyata tafasa take yi. Maigidana ya ce in yi shiru, ba a taɓa shafaffen Allah. Zunubi nake yi? Ko in bar cocin ne?

Amsa: 'Yar'uwa, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Fushinki ba zunubi ba ne. Uwar da za ta ji an taɓa yarinya 'yar shekara 14 zuciyarta ba ta tafasa ba, ita ce abin a duba. Amma kafin maganar baiko da maganar barin coci, akwai mutum biyu da suka fi ki gaggawa: yarinyar nan, da wata yarinyar da ba mu sani ba a ƙauyen da aka kai shi, wadda watakila a safiyar yau ta ɗauki tsintsiya ta nufi gidan Fada saboda iyayenta ba su ji komai ba.

Ki fara da yarinyar. Ki raka uwarta su je asibiti a wannan makon. Awa 72 na farko, lokacin da ake ba da maganin rigakafin cutar ƙanjamau, sun riga sun wuce, amma har yanzu akwai gwajin ciki, da na ƙanjamau, da na sauran cututtukan da ake ɗauka ta wannan hanya, kuma akwai rahoton likita wanda zai zama shaida. A jihar Kaduna akwai cibiyoyin Salama, a Kano akwai cibiyar Waraka, an kafa su musamman don waɗanda aka yi wa fyaɗe. Inda babu irinsu, babban asibitin gwamnati ya isa. Kada a yi ta tsare yarinyar da tambaya, yau gwaggo, gobe kawu, jibi katikis. Duk lokacin da aka sake tambayar yaro ana sa masa magana a baki, labarinsa sai ya fara canza kama, kuma wannan canjin ne lauyan wanda ake zargi zai riƙe a kotu. Mutum ɗaya da ta yarda da shi ya zauna da ita, ya ce "faɗa mini abin da ya faru", ya rubuta kalmominta yadda ta faɗe su, ya sa kwanan wata. In akwai saƙonnin waya, ko katin waya da aka turo mata, ko kuɗi, ko kyautar zane, kada a goge, kada a mayar. A ɗauki hotonsu a ajiye a wayar mutum biyu.

Daga asibiti sai hukuma. Abin da aka bayyana miki laifi ne a dokar ƙasa, rigar firist ba ta kare kowa daga gare shi. Najeriya tana da Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, kuma yawancin jihohi sun amince da nasu. A kai rahoto ofishin 'yan sanda, a nemi sashen da ke kula da mata da ƙananan yara, a karɓi sunan jami'in da ke riƙe da binciken. In aka ga ana jan ƙafa, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa, da ma'aikatar mata ta jiha. Kada uwar ta je ita kaɗai. Mace matalauciya da ta je ƙarar Fada ita kaɗai, kafin la'asar za a lallashe ta ta koma gida.

Za a zo mata da maganar sulhu, wannan kusan tabbas ne. Dattawa za su zo da ambulan, a ce a rufa wa coci asiri, a ce yarinyar ce za ta rasa miji. Wasu ma za su ce in ɓera da sata daddawa ma da wari. Yarinya 'yar shekara 14 ba ta da laifi ko ƙwayar zarra a wannan, ko da ita ta kai kanta, ko da ta karɓi kyauta. Kada uwar ta sa hannu a kowace takarda ba tare da lauya ya karanta ba. Kuɗin magani da na makaranta haƙƙin yarinyar ne, ana iya karɓa, amma ba a matsayin farashin yin shiru ba.

Yanzu ga ɓangaren Coci, kuma a nan ne nake so ki natsu, domin akwai giɓi a labarinki. Kin ce an faɗa wa katikis da shugaban kwamiti. Ba ki ce an rubuta wa Bishop ba. Mai yiwuwa an faɗa masa komai ya zaɓi ya ɗauke Fadan a asirce; mai yiwuwa an ce masa kawai "akwai ɗan surutu a cocin nan". Ba ki sani ba tukuna. Muddin maganar ta baka ce, kowa zai iya cewa bai ji ba. Takarda ce kaɗai take rufe wannan ƙofa.

Ga yadda za a rubuta ta. Shafi ɗaya ko biyu, da Hausa ko da Turanci, duk ɗaya ne. A sa sunan mai rubutawa da lambar wayarta, sunan Fadan, shekarun yarinyar, ranaku da wuraren da abin ya faru gwargwadon abin da aka tuna, wanda aka fara faɗa wa da ranar da aka faɗa masa, da ranar da aka ɗauke Fadan. A bambanta abin da aka gani da ido da abin da aka ji. Ban da zagi, ban da ƙari. Ƙarin gishiri ɗaya zai iya zubar da gaskiya goma. Sai a nemi abu uku ƙarara: a buɗe binciken farko kamar yadda doka ta 1717 ta kundin dokokin Coci ta ce, a janye shi daga aiki da jama'a har a gama bincike kamar yadda doka ta 1722 ta ba Bishop iko, kuma a faɗi sunan wanda zai riƙe maganar. A yi kwafi biyu, a kai ofishin dayosis, wato yankin da Bishop yake shugabanta, da shaida ɗaya, a sa sakatare ya buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin da za a dawo da shi gida. In ya ƙi, a aika ta kamfanin kai saƙo mai ba da rasit. In Fadan ɗan wata ƙungiyar masu wa'adi ne, ba na dayosis ba, shugaban ƙungiyarsu ma a aika masa.

Da zarar takardar ta shiga hannunsa, Bishop ba shi da zaɓin ya ajiye ta a aljihun tebur. Duk zargin da yake da alamar gaskiya dole ya bincika, kuma in an gama binciken farko, ko me aka gano, dole ya aika da takardun zuwa sashen koyarwar bangaskiya a Roma, domin tun 2001 shari'ar lalata da wanda bai kai shekara 18 ba can ake yanke yadda za a yi da ita. Littafin jagora da wannan sashe ya fitar a 2020 ya gargaɗi bishop-bishop kada su ɗauka sauya wa firist wurin aiki ya warware matsala. Kuma lokaci bai ƙure ba: a dokar Coci ana ƙirga shekara 20 daga ranar da yarinyar ta cika 18, Roma kuma tana iya ɗage wannan wa'adi.

To in Bishop ya yi shiru fa? A nan dokar da Fafaroma Francis ya sa wa hannu a watan Mayun 2019 take aiki, wadda ake kira Vos estis lux mundi, wato "ku ne hasken duniya", aka tabbatar da ita a 2023. Ta ce kowace dayosis ta samar da ofishi da jama'a za su iya kai ƙorafi cikin sauƙi. Ta wajabta wa kowane Fada da kowace Sista su kai rahoto ga hukumar Coci in sun sani, sai dai abin da Fada ya ji a wurin furta zunubi. Ta hana a ɗora wa mai ƙorafi, ko wanda aka cuta, ko shaida, sharaɗin yin shiru, ta hana a yi musu ramuwa. Abu mafi muhimmanci gare ki, ta ɗauki rufa-rufar Bishop a matsayin laifin da shi kansa za a bincike shi a kai. Ƙarar Bishop ana kai ta wurin Babban Bishop na lardinsa da kuma Roma ta hannun jakadan Fafaroma, wanda ofishinsa yake Abuja. Dayosis ɗin Kano, Zariya, Sakkwato, Katsina, Kafanchan, Minna da Kwantagora suna lardin Kaduna ne. Bauci, Maiduguri, Yola, Jalingo, Wukari, Shendam da Pankshin suna lardin Jos. In Babban Bishop ɗin ne da kansa ake ƙara, sai a wuce kai tsaye wurin jakada. Sashen da abin ya shafa a Roma yana da kwana 30 ya ba da umarnin yadda za a yi.

Ba zan yaudare ki ba, wannan doka tana da rami. Bishop ne yake binciken ɗan'uwansa Bishop, wataƙila makaranta ɗaya suka yi, suna cin abinci tare a kowane taro. Ba ta tilasta a sanar da jama'a sakamako ba, shi ya sa sau da yawa sai dai a ji Bishop ya yi murabus ba a faɗi dalili ba. Kuma ba ta wajabta kai rahoto ga 'yan sanda a ko'ina ba, cewa ta yi a bi dokar kowace ƙasa. Saboda haka ne na sa asibiti da hukuma a gaba. Kada kowa ya ce muku "ku jira Coci ta gama nata tukuna". Hanyoyin biyu tare ake bin su.

Kin ce kina ɗauka abin na Turawa ne. Ba ke kaɗai ba, shugabanni da yawa a Afirka haka suka riƙa faɗa. A taron da Fafaroma ya kira shugabannin bishop-bishop na duniya a Batikan a watan Fabrairun 2019, 'yar Najeriya ce, Sista Veronica Openibo, ta tsaya a gabansu ta ƙaryata wannan, ta kuma tuhume su da daɗewa cikin shiru. Abin da ya bambanta can da nan shi ne can an buɗe ɗakunan ajiyar takardu an ƙirga. A Amurka binciken 2004 ya sami firistoci 4,392 da aka zarga tsakanin 1950 da 2002. A jihar Pennsylvania kaɗai, rahoton 2018 ya ambaci firistoci sama da 300 da aka zarga da yara sama da 1,000 da aka cuta. A Jamus an sami malaman coci 1,670 da aka zarga da yara 3,677 da aka cuta. A Faransa hukumar da bishop-bishop suka kafa da kansu ta ƙiyasta yara 216,000 da aka cuta tun daga 1950. Kuma kusan a kowane rahoto salon ɗaya ne, shi ne wanda kika gani da idonki: uwa ta kai kuka, a lallashe ta, a ɗauke Fada zuwa inda ba a san shi ba, ya sake.

Abin da ya fi ƙona ran 'yan Katolika a waɗannan ƙasashe shi ne abin da yake ƙona naki, wato shugabannin da suke ɗauke Fadan, su ba a taɓa su. Kadinal Bernard Law na Boston ya yi murabus a ƙarshen 2002 bayan jarida ta tona yadda aka riƙa yawo da masu laifi daga coci zuwa coci, amma a 2004 aka ba shi shugabancin ɗaya daga manyan majami'un Roma. Ƙa'idar da bishop-bishop na Amurka suka rubuta a Dallas a 2002 ta hukunta firistoci, ta tsallake su kansu. Bishop Robert Finn na Amurka kotu ta same shi da laifin ƙin kai rahoto a 2012, ya ci gaba da zama a kujerarsa har 2015. Amma ki dubi ƙasar Chile. A farkon 2018 Fafaroma Francis da kansa ya kira zargin da ake yi wa wani Bishop ƙazafi. Waɗanda aka cuta ba su ja da baya ba, suka fito da shaidar wasiƙar da suka aika masa tun shekarun baya. Ya tura mai bincike, ya nemi gafara a rubuce, a watan Mayu dukan bishop-bishop na ƙasar suka miƙa takardar murabus. A 2019 aka tuɓe wa Theodore McCarrick rigar firistanci, mutumin da ya taɓa zama Kadinal a Washington. Duk inda aka motsa, waɗanda aka cuta ne da iyayensu da 'yan jarida da kotu suka tura, da takarda a hannu.

Game da maganar maigidanki, ki amsa masa da ladabi, domin tsoro ne yake magana a bakinsa, ya san tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ayar "kada ku taɓa shafaffuna" a Zabura 105 tana maganar yadda Allah ya tsare su Ibrahim daga sarakuna ne lokacin da suke baƙi marasa ƙarfi. Ba a rubuta ta don mai ƙarfi ya fake da ita ya cuci yarinya ba. Annabi Natan ya tsaya gaban Sarki Dawuda, shafaffe na gaske, ya faɗa masa laifinsa ido da ido. Yesu kuma a Matiyu 18 ya ce wanda ya sa ɗaya daga ƙananan nan tuntuɓe, gara a rataya masa dutsen niƙa a wuya a jefa shi teku. Dokar Coci ta 212 ta ce masu bi suna da 'yanci, wani lokaci ma wajibi, su faɗa wa makiyayansu abin da ya shafi lafiyar Coci. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Abu ɗaya zan hana ki: kada ki sa sunan Fadan ko na yarinyar a Facebook ko a zauren WhatsApp na Zumunta. Zargi ne har yanzu, bincike ne zai tabbatar, shi ma yana da haƙƙin a ji ta bakinsa. In kika wallafa, za a iya maka ki a kotu kan ɓata suna, magana ta koma kanki, yarinyar kuma sunanta ya bi gari.

Baiko kuwa, kina da hanya tsakanin bayarwa ido rufe da hanawa gaba ɗaya. Doka ta 1267 ta ce kyautar da aka bayar don wata manufa ba a kashe ta a wani abu dabam. Ki rubuta a kan ambulan: don marayu, don asibitin coci, don kuɗin makarantar yara. Ko ki kai taimakonki kai tsaye ga uwar nan, kuɗin mota zuwa asibiti da ofishin 'yan sanda zai yi mata nauyi. Doka ta 537 ta wajabta wa kowace ikilisiya kwamitin kuɗi, ta 1287 kuma ta ce a ba masu bi bayanin abin da suka bayar. Tambayar lissafi ba rashin kunya ba ne.

Ɗanki ki tambaye shi cikin natsuwa, ba da tsawa ba, ko wani ya taɓa yi masa abin da bai ji daɗi ba, ki tabbatar masa ba za ki yi fushi da shi ba. Ki koya masa cewa babu babban da zai ba shi sirrin da zai ɓoye wa uwarsa, kuma hatimin furta zunubi Fada yake ɗaure, ba yaron ba. Duk abin da aka faɗa masa ko aka yi masa a wurin, yana da 'yancin faɗa miki. Komawarsa bagade ta dogara ga abin da Zumuntar Mata za ta iya tsayawa a kai, kuma kuna da ƙarfin da ba ku cika aunawa ba, ku ne kuke cika benci, ku ne kuke dafa abincin kowane biki. Ku je wurin sabon Fada ku biyar ko goma da buƙatu a rubuce: yaro ko yarinya ba sa shara, wanki ko kwana a gidan Fada, duk inda yara suke, a koyon katikisim ko gwajin waƙa ko ɗakin sa tufafi na bayan bagade, manya biyu su kasance, ƙofa a buɗe, babba ba ya ɗaukar yaro shi kaɗai a mota ko babur, a manna suna da lambar wanda ake kai wa ƙorafi a allon sanarwa. Fada nagari zai yi murna da wannan, domin shi ma kariya ce gare shi. Wanda ya fusata, ku lura da shi.

Barin coci shawara ce tsakaninki da Allah, ba zan tsorata ki da wuta ba. Abin da zan faɗa shi ne koyarwar Coci tun zamanin Augustine a Arewacin Afirka: ingancin baftisma da Jibin Ubangiji bai rataya ga tsarkin firist ba, Kristi ne mai aikin. Baftismar 'ya'yanki da wancan Fadan ya yi tana nan daram. In wannan ginin ne yake tayar miki da zuciya, ki je Misa a wata ikilisiya na ɗan lokaci, babu dokar da ta hana. Ki nemi Fada ko Sista da kika yarda da shi ki faɗa masa abin da kika faɗa mana, ba a wurin furta zunubi ba, a zaune a fili, domin daga wannan lokacin doka ta ɗora masa wajibin kai rahoto.

Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta komai: ranar asibiti, ranar 'yan sanda, ranar da aka buga hatimi, wanda ya zo da ambulan da abin da ya ce. In mako biyu suka wuce ba amsa daga dayosis, ku aika tunatarwa. In wata guda ya cika Fadan yana nan yana Misa a ƙauyen, ku haɗa kwafin takardar farko mai hatimi, da tunatarwar, da rahoton likita, ku aika wa Babban Bishop da jakadan Fafaroma a rana ɗaya, ku rubuta sunan ƙauyen a layin farko.